Kwana huɗu a Kogin Nilu kan tafiyar da mota ke yi a wuni guda

Hadiza K/Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. A watan Disamba zan raka Baba Alƙahira ganin likitan ido, kuma an ce tsakanin dubawar farko da ta biyu akwai jira mai ɗan tsawo. Mai shirya mana tafiyar ya ce maimakon zaman otal, mu gangara kudu mu shiga jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan, kwana huɗu, ci da kwana da zagayen wuraren tarihi duk a kuɗi ɗaya. Baba tsohon malamin tarihi ne, tun da ya ji zancen bai sake yin wani ba. Ni kuwa kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya, ya cancanta?

Abba Ɗan Ƙofar Soro: Anti Hadiza, Bakatsine a kan ruwa har kwana huɗu? Mu da ko kwalbati ce ta cika da damina sai mu juya kan babur.

Ndagi: Bayina Katsinawa, ku bar ruwa ga masu shi. In dole ne sai kun je, ku biya mini kuɗin kujera in riƙe muku hannu.

Abba Ɗan Ƙofar Soro: Ji Banufe. Kunya gare mu, ba dai tsoro ba.

Malam Kabir: Wa alaikumus salam Hadiza, Allah ya ba Baba lafiya. Na yi wannan tafiyar, kuma in mutum mai son tarihi ne zan ce ya je. Abba, kwantar da hankalinka, kogi ba teku ba ne. Babu igiyar ruwa, babu jiri ko amai, kuma ko yaushe kana ganin gaɓa dama da hagu.

Yadda abin yake: daga Luksor zuwa Aswan gaba ake yi da ruwa, shi ya sa yawanci kwana huɗu ne, in kuma daga Aswan aka taso kwana uku. A Luksor za a kai ku Karnak, sannan a haye yamma zuwa kwarin da aka binne sarakunansu, inda Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a 1922. Daga nan Esna, Edfu, Kom Ombo, sai Aswan.

Alhaji Mamman Daura: Malam Kabir, a yi mini afuwa, ni ɗan kasuwa ne, da lissafi nake kallon komai. Tsakanin garuruwan nan biyu kilomita 200 ne da 'yan kai, kaɗan ya fi Katsina zuwa Kano. Mota za ta yi shi tsakanin karin kumallo da la'asar har da tsayawa a hanya. To in biya kuɗin kwana huɗu a kan me? Duk abin da jirgin zai nuna mini, ai yana nan a ƙasa bai motsa ba.

Malam Kabir: Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne in isa kawai ake nema. Amma waɗanda suka gina wuraren nan ba don mai zuwa da mota suka gina su ba. Kogin shi ne babban titinsu. Ruwan Nilu arewa yake gangarawa, iska kuma galibi daga arewa take busowa, don haka mai zuwa kudu ya ɗaga filafilan jirgi iska ta tura shi, mai dawowa ya sauke ruwa ya kawo shi. Wannan dacewar ce ta ɗinke ƙasar tun dubban shekaru. Manyan duwatsun da aka sassaƙa a Aswan ta ruwa aka kai su arewa. Saboda haka fuskar ginin kogi take kallo. A Kom Ombo jirgi na ɗaurewa, ka sauko, 'yan taku kaɗan kana cikin ginin. Mai mota ta bayan gida yake shigowa.

Sannan akwai abin da ba ya cikin jerin wuraren da za a kai ka. Da hantsi ka hau saman jirgi ka zauna. Ga rake, ga ayaba, ga dabino, ga yaro a kan jaki, ga mai kamun kifi yana dukan ruwa da sanda don ya kora kifi cikin raga. Ka ɗaga ido kaɗan, koren ya yanke kamar da wuƙa, bayansa rairayi ne da tsaunuka, ko tsinke babu. A wasu wuraren faɗin koren bai kai tafiyar minti goma ba. Na daɗe ina koya wa yara cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Masar a bakin Nilu suke zaune, amma a saman jirgin nan na ga dalili da idona.

Hajiya Mairo: Hadiza 'yata, bari in yi miki maganar da maza ba za su yi ba. Amfanin jirgin ga dattijo shi ne sau ɗaya za ki kwance kaya. Ɗakinku na tafiya da ku, babu ɗaure akwati kullum, babu neman inda za a ci abinci. In Baba ya gaji ya ce yau ba zai sauka ba, ya zauna ya sha shayi yana kallon gari.

Amma ki shirya wa abu uku. Jiragen suna da yawa, wurin ɗaurewa kaɗan ne, sai a jera su gefe da gefe kamar motocin haya a tasha ranar kasuwa. Kafin ki taka ƙasa sai kin ratsa ta falon jirgi uku ko huɗu, kowanne da ɗan tsallake a tsakani. Da dare ki buɗe labule da niyyar kallon kogi, sai ki ga tagar wani Bature yana goge haƙori. Na biyu, matakala. Da yawansu babu na'urar hawa bene, ɗakin cin abinci a ƙasa, wurin shan iska a can sama. Ki tambaya tun kafin ki biya. Na uku, sammako. Bayan asuba kaɗan ake fita don a guje wa rana.

Ki kuma canza kuɗi ƙanana ki cika jaka. Mai keken dokin da zai kai ku ginin Edfu, da mai gadin da zai nuna miki wani lungu, da mai riƙe ƙofar bayi, kowa hannu a miƙe.

Abba Ɗan Ƙofar Soro: Hajiya, an ce wai jifan mutane ake yi da kaya a hanya?

Hajiya Mairo: A Esna ne. Akwai madatsa, to jirgi sai ya shiga wani ɗaki na ruwa, a rufe ƙofa a baya, a cika ruwa har ya ɗaga shi sama, sannan a buɗe ta gaba. Ana jiran layi sai ga samari a kwalekwale sun ɗaura igiya a jikin jirgin. Za su naɗe jallabiya ko mayafin tebur a leda su wurgo har hawa na huɗu, kuma ba sa kuskure. Ki duba, ki yi ciniki da ihu da yatsu, in kin saya ki sa kuɗin a ledar ki jefa musu, in ba ki so ki mayar. Wata 'yar Indiya kusa da ni ta jefa, iska ta kai ledar ruwa, yaron ya kamo ta da filafili yana mita da Larabci. Na saya wa jikokina a nan, ban ce miki yadin kirki ba ne.

Dakta Yusuf: Ni fa ina gefen Alhaji Mamman, amma ba don kuɗi ba. Matsalata ita ce kiran abin nan tafiyar sanin al'adu. Wace al'ada? Ginin Edfu an fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a gama ba sai bayan shekara 180, bangonsa cike da rubutu daga sama har ƙasa. Ku kuma za a ba ku sa'a ɗaya da wani abu, a cikin cunkoso, domin duk jiragen lokaci guda suke isowa. Jagoran ya haddace bayaninsa, har inda za ku yi dariya ya sani. A kwarin sarakuna tikitinka na kabari uku ne, na Tutankamun da kuɗinsa daban. Ka koma jirgi, wa za ka gani? Baƙi 'yan uwanka. Bamisiren da za ka yi magana da shi ko mai kawo maka abinci ne ko mai son sayar maka da wani abu. Da dare a sa wa kowa jallabiya a kawo mai rawa, a ce ga al'adar Masar.

Mai son sani da gaske ya hau jirgin ƙasa daga Alƙahira, ya kama ɗaki a Luksor, ya koma Karnak safe da yamma har ya ƙoshi, ya ci wake da gurasa a inda mutanen gari ke ci.

Malam Kabir: Dakta, ba ka faɗi ƙarya ba, amma kana magana ne a kan mai ƙarfin gwiwa da jin Larabci da lokaci. Dattijon da ya zo ganin likita fa? Kuma ba a hana ka fita kai kaɗai ba. Jirgi na kwana a Luksor da Aswan. Ni da magariba na bar ayari na je masallacin Abul Hajjaj, wanda ke zaune a kan ginin Fir'aunonin Luksor. An gina shi lokacin da ƙasa ta binne tsohon ginin, da aka haƙe sai tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama tana kallon sarari. Ka yi salla a ciki, ginshiƙin da ke gefenka da zanen mutanen da suka riga Annabi Isa da fiye da shekara dubu. Babu jagoran da ya kai ni.

Dakta Yusuf: To ka ga ka taimake ni. Abin da ya fi zama maka a rai, sai da ka gudu daga shirin jirgin ka same shi.

Alhaji Mamman Daura: Dakta ya ci wannan.

Rabi'atu: Ni tambayata daban ce. Ya halatta ma Musulmi ya biya kuɗi ya je kallon gumaka da kaburburan mutanen da Allah ya halaka? Ustaz Nura, Allah ya gafarta Malam, a taimaka.

Ustaz Nura: Malama Rabi'atu, tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun yi saɓani. Masu tsanantawa suna kafa hujja da abin da ya faru a hanyar Tabuka, lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce ta Hijr, kufan Samudawa, ya hana shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai mutum yana kuka. Masu sauƙaƙawa suna cewa Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don ganin ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma a Suratu Yunus an ce an tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya. Suna ƙarawa da cewa sahabbai sun shiga Masar tare da Amru bin As kuma gine-ginen nan sun wanzu a bayansu. Abin da na ji daga malamanmu a Azhar shi ne a duba niyya da halin da mutum ya shiga da shi.

Abu biyu zan ja hankali a kai. Jagorori kan nuna gawar Ramsis na biyu su ce ga Fir'aunan Annabi Musa. Babu nassin da ya ambaci sunansa, kada a dawo gida ana rantsuwa. Sannan salla: jirgi na juyawa da kwanar kogi, a can alƙibla gabas maso kudu take, ba kamar tamu ba. Ma'aikatan jirgin yawanci Musulmi ne, su za ka tambaya. Abinci ba shi da matsala, amma ana sayar da giya a ciki, kuma daren rawar da Dakta ya ambata ba dole ne ka halarta ba.

Malam Kabir: Tunda Ustaz ya ambaci Azhar, Hadiza ki tuna wa Baba cewa ba shi ne Bakatsinen farko ba. Muhammad Alkashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Kuma can sama a bakin Shuɗin Nilu a Sudan akwai garin Mai Wurno, na mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Dakta Safiya: Ina karantawa daga Ostiriya ina dariya, domin gardamar nan ita ake yi a kan jiragen Kogin Danub. Nan ma abin da ke jan mutane shi ne jirgi na sauke ka a tsakiyar gari. Kogin ya ratsa ƙasa 10 da babban birni 4: Biyana, Biratislaba, Budafes da Belgired. Tun da aka gama hanyar ruwan da ta haɗa shi da Kogin Rayin a 1992, jirgi kan taso daga Amstadam har Budafes cikin mako biyu. Jiragen dogaye ne sirara, tsawon mita 135, faɗi bai kai mita 12 ba, don su iya shiga ɗakunan ruwa irin wanda Hajiya ta kwatanta. Fasinja ba su cika kai 200 ba, mafi yawa tsofaffi 'yan fansho.

Mai son tarihin Musulunci zai sha mamaki a Budafes. Turkawa sun riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, har yau gidajen wankansu na aiki, kuma kabarin Gul Baba na nan a kan tudu ana ziyarta. Sai dai ba lallai jagoran jirgi ya kai ka ba, shi coci da fada da gidan kiɗa ya sa a gaba.

Ban ba ɗan gida shawarar ya fara da wannan ba. Kuɗin dubban yuro ne ga mutum ɗaya, ga wahalar biza, ga abinci: naman alade da giya a kusan kowane zama, sai ka koma kifi da ganye. Kuma ruwa na iya yin gardama. A 2018 da 2022 ruwa ya ja baya sosai, jirage suka kasa wucewa wasu wurare, mutanen da suka biya kuɗin jirgin ruwa suka ƙare a bas.

Alhaji Mamman Daura: Kun gani ko? Ƙarshenta dai mota.

Dakta Safiya: Alhaji ba ka da dama. Wani abu da na lura, duk kogin da ake wannan yawo a kansa madatsa ce ta daidaita ruwan, kuma madatsar nan ta ci wani gari. A Danub akwai tsibirin Ada Kale, na Turkawa Musulmi da masallacinsu, ruwa ya shanye shi a 1970 saboda madatsar da aka gina tsakanin Romaniya da tsohuwar Yugoslabiya. Jiragen yawo ta kansa suke wucewa.

Malam Kabir: Haka a Aswan. Babbar madatsar da aka gama a 1970 ta tashi dubun dubatar Nubiyawa daga ƙauyukansu. Duniya ta haɗa kuɗi ta hannun UNESCO aka yayyanka ginin Abu Simbel aka ɗaga shi sama da mita 60 tsakanin 1964 da 1968, aka kwashe na Filaye zuwa wani tsibiri. Duwatsu sun tsira, gidajen mutane suna ƙarƙashin ruwa. Hadiza, ki sani Abu Simbel ba ya kan hanyar jirgin, tafiyar sa'o'i ce a bas daga Aswan cikin dare, da kuɗinta daban. Ki auna ƙarfin Baba.

Isuhu Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Kuna ta Nilu da Danub, namu kogin fa? Da can in ruwa ya cika, daga wajen Agusta, babban jirgi kan tashi daga Kulikoro kusa da Bamako, ya bi Segu, Mopti, Kabara wadda ita ce tashar Tambutu, har Gawo. Kawuna ya bi shi da fatauci, ya ce a sama masu kuɗi da Turawa, a ƙasa awaki da buhunan gero da allunan gishiri. Ga masallacin Jenne a kan reshen Bani, ga littattafan Tambutu. Wanda ya tashi a gindin hasumiyar Gobarau ai wannan ce tafiyar da ta fi kusa da tarihinsa. Amma tun harin da aka kai wa jirgin fasinja a watan Satumba na 2023, aka kashe gomman mutane, wa zai ce wa ɗan uwansa ya je?

Wanda ya rage shi ne na Kogin Sanagal. Akwai tsohon jirgi mai suna Bou el Mogdad da ke kai baƙi daga San Luwi zuwa Podor, ƙasar Futa Toro, mahaifar Alhaji Umaru Futi da ya zauna Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Bello. Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza.

Ndagi: Yanzu aka zo gidana, bari in ajiye wasa. Ba mu rasa abin nunawa ba. A Lakwaja Kwara da Binuwai suka haɗu, nan ne Lugga ya zauna. Baro ita ce tashar da aka fara shimfiɗa dogo daga ita zuwa Kano, ya isa a 1911. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, irin labarin da Dakta Safiya ta bayar. Ga Rigata a Yawuri. Kuma ku Katsinawa ba ku da bakin magana: marigayi 'Yar'aduwa ne ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro a 2009, Buhari ya buɗe tashar Baro a 2019. Ɗaya na Katsina, ɗaya na Daura. Ina jiragen?

Kuma kafin a yi zancen baƙi, a fara da masu hawa don dole. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka nutse a yankin Pategi suna dawowa daga biki. Lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, babu rigar ruwa, ga kututturan itace a ƙarƙashi. Jirgin da ba a amince masa ya kai amarya gida ba, ba za a sa masa gado da labule a ce Bature ya biya dala ba.

Alhaji Mamman Daura: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Ndagi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni dai har yanzu ina kan bakana, wanda bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba bai kamata ya fara da Luksor ba.

Dakta Yusuf: Alhaji, wannan kuma kishin gari ne, ba hujja ba.

Abba Ɗan Ƙofar Soro: Yaya Ndagi, in an tashi Rigata ta gaba ka sa ni a mota, amma daga gaɓa zan yi kallo.

Ndagi: Da sharaɗi. Za ka sa rigar ruwa tun daga Funtuwa.